Ƙura, Rana da Fentin Motarka: Abin da Ya Kamata Ka Sani

A watan Janairu, idan ka biya ta wata tashar mota a Katsina da sanyin safiya, za ka ga abin da ake yi kullum. Bas ta kwana a waje, hazo ya sauka a kanta, ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata gari. Yaron mota ya zaro tsumma daga ƙarƙashin kujera, ya karkaɗe shi sau biyu, ya bi jikin motar yana shafewa. Kafin kujerar gaba ta cika ya gama, mota ta yi fes, kowa ya ce yaro mai tsabta ne.

Jira rana ta ɗaga, ka tsaya gefen motar ka dubi inda haske ya faɗa. Za ka ga siraran zane-zane masu zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumman nan ne. Wannan bayani naka ne idan kana da mota, ƙarama ko babba, kuma kana son fentinta ya daɗe a garin da ƙura da rana ba sa ɗaga wa kowa ƙafa.

Yaya fentin mota yake?

Fentin mota hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shafin da ke manne wa ƙarfe, aikinsa hana tsatsa. A tsakiya akwai launin da kake gani, fari ko baƙi ko ruwan toka. A sama kuma akwai wani shafi garai-garai marar launi, kamar gilashi. Shi ke ba mota sheƙi, shi ke tare wa launi zafin rana. Mu kira shi shafin sheƙi.

Idan aka haɗa su duka, kaurinsu bai fi na takardar littafi guda ba sai da kaɗan, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Shafin sheƙi shi kaɗai bai kai kaurin silin gashi ba. Fatar mutum idan ta yi kaushi a hunturu, ta sha mai kwana biyu, sai ta dawo. Fenti ba ya tofowa. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, sai dai a biya mai fenti ya sake fesawa.

Wasu fararen bas-bas kuma an haɗa musu launi da sheƙi a shafi ɗaya. Irinsu idan rana ta cinye fentin, in ka shafa yatsa za ka ga ya fito da fari kamar ka taɓa alli. Wannan farin, fentin motar ne da kansa yake zuba.

Me ke cinye fenti a Katsina?

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can ruwan tafkin Chadi ya kai. Tana haɗuwa da rairayin garinmu ta sauka a kan komai. A hannu tana da laushi, amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu taurin da ke iya karce gilashi, balle fenti. Ƙura a zaune ba ta yin ɓarna sosai. Ɓarnar tana farawa ne sa'ad da aka danna ta da busasshen ƙyalle aka ja.

Na biyu rana. A Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma bonet ɗin baƙar mota da aka bari a fili yakan haura digiri 70. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ke sa tufa ta koɗe idan ta daɗe a kan igiyar shanya. Shi ne ke busar da shafin sheƙi har ya fara ɓarewa. Dubi tsofaffin motoci: rufi da bonet da murfin but su ke fara yin dabbare-dabbare, don su ke kallon sama. Shi ne kuma ke mayar da fitilun gaba ruwan ɗorawa.

Na uku ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da narkakken ma'adini, irin farin nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Idan ruwan ya bushe a jikin mota mai zafi, ruwan ya tafi, farin ya zauna. Shi ne tabon da kake gani ɗigo-ɗigo a gilashi da bonet. A damina kuma laka tana maƙalewa a ƙarƙashin mota da cikin kumatun taya, ta riƙe danshi, tsatsa ta samu wurin zama.

Na huɗu abin da ke faɗowa daga bishiya. Kowa na neman inuwar darbejiya, wadda wasu ke kira bedi, amma tsuntsaye da jemagu ma nan suke. Kashinsu yana da tsami mai cin fenti, kuma idan rana ta gasa shi, kwana ɗaya ya isa ya bar shaida. Haka ma 'ya'yan darbejiya idan suka fashe suka bushe a kan rufi.

Ta yaya ake wanki ba tare da karce mota ba?

Doka ɗaya ce a kan gaba: ruwa ya riga hannu. Sauran duk rassanta ne.

Ka zaɓi lokaci da wuri. Da safe ko bayan la'asar, a inuwa. Ɗora bayan hannunka a bonet. Idan da zafi, jira ta huce. Sabulu a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake yi kafin ka ɗauraye.

Ka fara kwara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, ya tafi da ƙurar da za ta iya tafiya. Ko da moɗa ce da bokiti, a yi wannan tukuna.

Ka tanadi bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk sa'ad da ka wanke ɓangare guda, sai ka ɗauraye soson a ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin sabulu. In ka gama, leƙa gindin bokiti na biyu. Yashin da za ka gani kwance, da bokiti ɗaya ka yi aiki, da a jikin motarka ya yi ta yawo.

Ka bi daga sama zuwa ƙasa, domin ƙasan mota ya fi datti. Ka riƙa jan soso a miƙe, ba da ƙarfi ba. Tayoyi da rim su zo ƙarshe, kuma da nasu soson daban. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi tas. Soson buhu da soson ƙarfe na tukunya kuwa, kada su kusanci fenti.

Ka ɗauraye, sannan ka tsane nan take da tawul mai laushi. Wanda ya fi dacewa shi ne na lallausan zaren roba da ake kira maikirofaiba, don yana ɗauke ƙura cikin gashinsa maimakon ya ja ta a kan fenti. Idan ka bar rana ta busar maka, ta biya kanta da tabo.

Tabon ruwa da ya riga ya zauna, ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi yakan narkar da shi. A shafa, a jira minti ɗaya, a ɗauraye. Kashin tsuntsu da ya bushe, kada ka kankare da farce. Ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle ya yi laushi, sai ya taso da kansa. Kwalta kuma ɗigon kananzir a ƙyalle yana cire ta, amma a wanke wurin da sabulu nan da nan.

To omo fa, ai yana fitar da datti?

Yana fitarwa, har ya wuce gona da iri. An yi omo da sabulun wanke-wanke ne don su kashe maiƙo, kuma kariyar da ake shafa wa fenti ita ma dangin maiƙo ce. Wanki kaɗan da omo ya isa ya tuɓe ta. Yana kuma busar da robobin ƙofa da na gilashi, kuma garin da bai narke ba yana karce. Sabulun ruwa na wankin mota an yi shi da santsi, don soso ya riƙa zamewa a kan fenti. Murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti guda.

Akwai kuma masu zuba man gas ko kananzir a ruwan wanki wai don mota ta yi ƙyalli, da masu shafa wa taya man birki ko baƙin mai. Ƙyallin na yini ɗaya ne. Mai yana kama ƙura, yana lalata roba, man birki kuma idan ya ɗiga a fenti yakan tayar da shi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mene ne kakin mota, kuma da me ya bambanta da folish?

A bakin mutane duk abin da aka shafa wa mota ta yi ƙyalli folish ne. A gaskiya abu biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne.

Folish yana da ɗan kaushi da hannu ba ya ji. Aikinsa ya cinye saman fenti kaɗan, har karce ya baje, sheƙi ya dawo. Wato ragewa yake yi. Tunda ka san kaurin shafin sheƙi, ka gane cewa ba abin yi ba ne kowane wata. Sau ɗaya a shekara ya isa, shi ma sai in da buƙata. Wanda ake yi da injin gogewa ya fi ci, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yakan ƙone fenti a kan kusurwoyi.

Kaki kuwa ƙarawa yake yi. Siririyar riga ce da ake sa wa fenti, ta karɓi dukan rana da ƙura da kashin tsuntsu a madadinsa. Idan ta ƙare a sake wata. A jikin gwangwanaye da yawa, irin su Turtle Wax da Formula 1, za ka ga an rubuta Carnauba. Sunan wata bishiya ce mai ganye kamar na giginya, da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, yankin da shi ma ya san fari. Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kaki don kada rana ta shanye mata ruwa. Ana busar da ganyen a karkaɗe kakin. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, alhali kakin zuma yana narkewa tun wajen digiri 63. Shi ya sa ake zaɓarsa don jikin mota.

Akwai kuma kakin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya fi jure zafi kuma yakan kai wata huɗu zuwa shida. Sama da shi akwai shafin siramik, wani ruwa da ke daskarewa ya yi tauri, ya kai shekara ɗaya ko biyu. Yana da tsada, yana son ƙwararren hannu da wurin da ƙura ba ta shiga. Ka sani kuma, babu ɗaya daga cikinsu da ke hana busasshen tsumma karce mota.

Yaya ake shafa kaki, kuma sau nawa?

A kan wankakkiyar mota busasshiya, a inuwa. Ka lakato kaɗan da ɗan soso mai laushi, ka shafa siriri a ɓangare guda, misali ƙofa ɗaya. Jira 'yan mintoci ya yi hazo-hazo. Ja yatsa a kai: idan wurin ya fito tas yana sheƙi, lokaci ya yi, sai ka goge da tawul mai tsabta. Idan ya yi jirwaye, ƙara jira. Yawan lafta shi ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Ka kauce wa baƙaƙen robobi, don yana barin musu farin tabo.

Don ka san ko kakin yana nan, watsa ruwa a bonet. Idan ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, akwai sauran kariya. Idan ya baje ya kwanta, ta ƙare.

A zafi irin namu kakin bishiyar nan ba ya wuce wata biyu zuwa uku. In ba za ka iya shafawa a kai a kai haka ba, hanya mafi sauƙin tunawa ita ce ka bi yanayin shekara: sau ɗaya a Oktoba kafin hunturu, sau ɗaya a ƙarshen Fabrairu kafin bazara, sau ɗaya a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya sauka. Mai hali ya ƙara na huɗu a tsakiyar damina.

Babbar mota fa?

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da ake yi wa ɗaki a ciki, da gado da madafi da banɗaki, iyali su yi makonni suna yawo suna kwana a cikinta. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera irinta a 1966. Jikin yawancinsu faiba ne, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, rufin wasu kuma shimfiɗar roba ce. Masu irin wannan mota sun koyi darasi da tsada: ta rufi mota ke fara mutuwa, don shi ne wurin da ba a gani.

Darasin ya shafi duk mai Hiyas ko Kosta ko motar ɗaukar marasa lafiya a Katsina. Ƙura tana taruwa a rufi wata da watanni, ruwan farko ya gangaro da ita, ta bar baƙaƙen layuka a gefen mota. Don haka a fara wanki daga rufi, da buroshi mai laushi mai doguwar sanda, a kan tsani mai ƙarfi. Kada ka taka jiƙaƙƙen rufi mai sabulu. Santsinsa ya karya mutane, kuma nauyinka na iya lotsa shi.

Kana can sama, duba kwararon ruwa na gefen rufi, da inda aka ɗaure ƙarfen ɗora kaya, da robar da ta zagaye gilashi. Duk inda ya tsage, nan ruwa zai shiga a watan Agusta. Rufin faiba da na roba, da tamfol ɗin keke napep, ba sa son fetur ko kananzir. Ruwa da sabulu mai sauƙi sun ishe su.

Motar da ke zirga-zirga zuwa kasuwannin Jibiya, Charanci ko Mai'aduwa tana da ƙarin abokan gaba. Igiyar ɗaure kaya tana cin fenti a inda take gogawa; sa mata tsohon bargo ko kwali a ƙasa. Takin zamani, gishiri, kanwa da fitsarin dabbobi kuma suna haifar da tsatsa da sauri, don haka a wanke wurin a ranar, kada a bari ya kwana biyu.

Idan a wajen wankin mota ake wanke maka fa?

Yawancinmu haka muke yi, kuma sana'a ce da matasa da yawa ke ci da ita. Abin da ake so shi ne ka tsaya ka gani ko sau ɗaya. An fara kwara ruwa kafin a sa soso? Soson taya shi ne na bodi? Tawul ɗin tsanewa a ƙasa yake kwana? Idan da injin feshi ake aiki, bakinsa ya nisanci mota da kamu ɗaya ko fiye, kuma kada a dosa shi a robar ƙofa, ko sitika, ko inda fenti ya ɓantare.

Ba sai an yi faɗa ba. Sayi naka sabulun da tawul biyu ka ajiye a but, ka miƙa wa mai wankin ka ce, "Don Allah ƙanena, da waɗannan za ka yi mini." In ya yi da kyau, ka ƙara masa wani abu, ka riƙe shi. A damina ka ce a watsa ruwa a ƙarƙashin motar. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yar Kwatano da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don sau da yawa da tsatsarta take zuwa.

Me zai ci maka?

Kayan aikin kaɗan ne: bokiti biyu, soso biyu, tawul biyu ko uku, robar sabulu, gwangwanin kaki. Gwangwani ɗaya yana yi wa ƙaramar mota shafi fiye da biyar, wato ya wuce shekara. Ruwa kuma, jarka biyu ta lita 25 daga wajen mai ga-ruwa ta wanke ƙaramar mota idan da bokiti ake yi. Bas tana son uku ko huɗu. A garin da ruwan famfo daga madatsar Ajiwa ba ya kai wa kowace unguwa kullum, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma bokiti ya fi sakin tiyo tattali nesa ba kusa ba. Lokaci: wanki minti 40, shafa kaki kamar awa ɗaya, sau uku a shekara.

Sai ka auna da ɗaya gefen. Sake fentin mota gaba ɗaya yana cin kuɗin kakin shekaru masu yawa. Motar haya kuma za ta yi kwanaki a wajen mai fenti ba ta kawo ko sisi ba. Ranar sayarwa ma, tambayar farko da dillali zai yi ita ce, "Fes bodi ce?", wato fentin kamfani ne ko an sake? Amsar tana ɗaga kuɗi ko ta karya shi.

Inuwa ita ce kariya mafi araha. Rumfar kwano ko ta zana a gida ta fi kowane kaki aiki. Rigar mota ma tana taimako, amma a kan wankakkiyar mota kawai. In ka lulluɓe mai ƙura, iska ta yi ta kaɗa rigar, ta zama wani babban tsumma da zai kwana yana goga.

Idan fentin ya riga ya lalace fa?

Ja farce a hankali a kan karcen. Idan farcen bai maƙale ba, folish zai iya baje shi. Idan ya maƙale, ya yi zurfi. Fentin da ya dusashe yana fitar da alli yakan farfaɗo da folish, sannan a bi shi da kaki. Wanda shafin sheƙinsa ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji kuwa, babu abin shafawa da zai mayar da shi, sai mai fenti. Inda tsakuwa ta ɓantare har ƙarfe ya bayyana, a ɗiga masa fenti kafin damina. Wurin da bai kai ƙwayar gero ba a Mayu yakan zama tabon tsatsa a Satumba.

To da safen hunturu, kana sauri, ba ruwan wanki, me za ka yi? Ɗauki butar alwala ka zuba wa gilasai da madubai da fitilu ruwa, ka tsane su, don ganin hanya wajibi ne. Bodin kuwa ka bar shi da ƙurarsa har ranar wanki. Maƙwabci zai iya yi maka tsiya cewa motarka ta yi kama da ta ɗan kasuwar ƙauye. Ka yi dariya ka wuce. Ƙurar da ta kwana uku a kan kaki, guga ɗaya na ruwa ya tafi da ita; zanen da tsumma ya yi a minti uku, da shi za a sayar da motar.